Yadda Ɗan Koyo Zai Tayar da Tsohon Injin Kwale-kwale

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina so in yi muku bayani a kan wani aiki da nake yi a ranakun hutu, watau tara tsofaffin injunan kwale-kwale da gyara su har su tashi. Na san da yawa za su yi mamaki, domin kowa ya san Tozai ba a bakin kogi take ba. Mu mutanen kan iyaka ne. Abin da muka sani shi ne noman gero da dawa, da kiwo, da fatauci tsakanin Illela da Birnin Konni. Ko Tafkin Kalmalo da ke cikin ƙaramar hukumarmu, wanda ruwan Maggiya mai gangarowa daga Jamhuriyar Nijar yake shayarwa, ruwansa ya ja baya ƙwarai in an gwada da yadda dattawa suke ba da labari. To, me zai haɗa ɗan Tozai da injin jirgin ruwa?

Amsar ita ce, tsohon injin kwale-kwale malami ne mai sauƙin kai. Kayan cikinsa kaɗan ne, kuma kusan kowanne ana iya ganinsa da ido a taɓa shi da hannu. Wanda ya iya tayar da shi daga mutuwa, to, ya kama hanyar gane injin ban-ruwa da janareta da babur, waɗanda su ne suka cika garuruwanmu. Ga shi kuwa kullum 'yan gwangwan suna saye irin waɗannan injuna a kan sikeli, ana farfasa su ana narkarwa a yi tukwane. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Siffar injin

Wannan inji ba a cikin jirgi yake zaune ba. Maƙala shi ake yi a bayan kwale-kwale, a ɗaure da wasu sukurori biyu da ake murɗawa da hannu. In an gama aiki sai a kwance shi a saɓa a kafaɗa a kai gida. Kashi uku ne. Na farko shi ne kai, inda ainihin injin yake, da silinda da fistin da kafireta da fulogi. Na biyu doguwar ƙafa, wadda a cikinta akwai sandar ƙarfe mai juyawa, da bututun ruwan sanyaya inji, da hanyar hayaƙi. Na uku shi ne gindi, wanda yake nutsewa cikin ruwa, a nan giya take da farfela. Akwai kuma hannu da matuƙi yake riƙewa. Da shi yake karkata injin gaba ɗaya dama ko hagu, da shi kuma yake ƙara wuta ko ya rage.

Asalinsa

A shekarar 1881 wani Bafaranshe mai suna Gustave Trouvé ya gwada wani ɗan inji mai batir a bayan jirgi a kogin da ya ratsa birnin Faris. Amma wanda ya fi yin kasuwa a farkon zamanin mai aiki da fetur shi ne Ole Evinrude. An haife shi a ƙasar Norwe a 1877, iyayensa suka kai shi Amurka yana ƙarami. Ana ba da labarin cewa wata rana ya tuƙa kwale-kwale da filafili ya ƙetare wani tafki don ya sayo wa budurwarsa askirim, kafin ya dawo ya narke, shi ne ya ƙudura sai ya yi wa jirgi inji. A 1909 ya fara sayar da nasa a birnin Milwaukee. Silinda ɗaya gare shi, ƙarfinsa kuwa na doki ɗaya da rabi ne kacal.

Daga nan wasu suka biyo baya. Kamfanin Johnson ya fito da nasa a 1922, Mercury kuwa a 1939. A Ingila an fara ƙera Seagull a 1931, kuma sojojin ƙasar sun yi aiki da shi ƙwarai a Yaƙin Duniya na Biyu. Sa'an nan mutanen Japan suka shigo: Tohatsu a 1956, Yamaha a 1960, Honda a 1964, Suzuki a 1965. Daga baya Yamaha ya fito da samfurin da ake kira Enduro, wanda aka yi musamman don masunta da masu jigila a wuraren da ruwa yake da laka, mai kuma ba shi da tsabta sosai. Shi ne ya fi yawa a kogunanmu.

Wasu daga cikin waɗannan sunaye sun zama tarihi. An daina ƙera Seagull a 1996, Evinrude kuwa a 2020. Saboda haka duk wanda aka narkar ya tafi ke nan, ba a yin wani. A Amurka har ƙungiya gare su ta masu tara tsofaffin injunan kwale-kwale, wadda aka kafa tun 1965. Sukan taru a bakin tafki kowa ya nuna nasa, ana musayar kayan gyara.

Inda ake samunsu

A ƙasar Hausa babbar matattarar waɗannan injuna ita ce Kogin Kwara, musamman wajen Yauri. Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, sai aka sami tafki mai tsawon fiye da kilomita 100, ya zama sai da jirgi ake zuwa kasuwanni irin su Yauri da Warra da Malale. Akwai su kuma a Tafkin Cadi, inda masunta Hausawa suka daɗe suna zuwa su, da kuma madatsar ruwa ta Goronyo a nan Jihar Sakkwato. Mutanenmu masu tafiya cin rani can sukan dawo da wanda ya mutu, da niyyar za su gyara, sai ya shekara goma a zaure kaji suna ƙwai a kansa.

Ni ma ta haka na sami na farko. Kawuna ya yi shekaru yana jigilar kaya a Yauri, ya dawo da wani Yamaha mai ƙarfin doki 8. Da ya ga ina yawan leƙa shi, sai ya ce, "Ɗana, ɗauka. In ka tayar da shi naka ne, in ya gagare ka kuma kada ka sayar wa 'yan gwangwan, ka mayar mini da abina." Na biyu Seagull ne mai tankin tagulla, a wurin masu tsofaffin ƙarafa a Sakkwato muka tsince shi, aka auna mana a kan kilo. Na uku wani Suzuki ne da bulok ɗinsa ya tsage. Shi ba zai ƙara tashi ba, amma na ajiye shi don koyo, ina kwancewa ina ɗaurawa, kuma notinansa da wayoyinsa suna yi mini amfani. Duk aikin nan ina yinsa ne a ƙarƙashin wani bakanike a Illela, wanda mahaifina ya kai ni wurinsa. Ɗan koyo ba ya rabuwa da maigida, domin tambaya rabin ilimi ce.

Yadda yake aiki

Yawancin tsofaffin injunan nan masu bugu biyu ne. Ga ma'anar wannan. Fistin wani ƙarfe ne mai kamar kofi da yake kai da kawowa cikin silinda. In ya tafi gaba, yakan matse iska da turirin fetur a wuri ƙanƙane, sa'an nan kuma a bayansa yana zuƙo sabon mai daga kafireta. Da ya kai ƙarshe sai fulogi ya yi tartsatsi, man ya kama da ƙarfi, ya ingizo fistin baya. A kan hanyarsa ta dawowa yakan buɗe wasu ƙofofi da ke jikin silinda, hayaƙi ya fita ta ɗaya, sabon mai ya shiga ta ɗaya. Tafiya ɗaya da dawowa ɗaya, an gama zagaye. Shi ya sa ake ce masa mai bugu biyu. In an ba shi wuta duka, wannan abu yana faruwa wajen sau 5,000 a cikin minti ɗaya.

Irin wannan inji ba shi da wurin zuba baƙin mai kamar na mota. A cikin fetur ake gauraya masa man da zai sa ƙarafansa su yi santsi. Wannan shi ya sa yake hayaƙi, yana kuma barin maiƙo a kan ruwa. Saboda haka ne tun daga 1998 Amurka ta fara tsananta doka a kan hayaƙin injunan jirgi, har masu bugu huɗu suka mamaye kasuwarsu. A nan Afirka kuwa mai bugu biyu yana nan da farin jininsa, don ba shi da nauyi, kuma ana iya gyara shi a bakin ruwa da sifana biyu.

Maigidana yakan ce inji abu uku yake roƙo kafin ya tashi: matsi, da wuta, da mai. Na kwale-kwale kuwa yana da na huɗu wanda in babu shi zai tashi amma ba zai daɗe ba, watau ruwa. Duk gyaran da za a yi, a kan waɗannan huɗu yake, kuma bi da bi ake duba su.

Kafin a saya

Ɗan koyo ya fara da ƙarami, daga doki 2 zuwa 8, mai silinda ɗaya ko biyu, wanda zai iya ɗagawa shi kaɗai. Da farko ya kama babban faifan ƙarfen da ke saman injin, wanda igiya take juyawa, ya murɗa da hannu. In ya juya yana ɗan turjewa a wani wuri, alama ce mai kyau. In ya ƙi motsi sam, to, fistin ya kafe, aikin zai yi tsawo. Sa'an nan ya duba jikin bulok da gidan giya ko akwai tsaga ko alamar walda. Ya duba ko kafireta da farfela da murfin tanki suna nan, domin wani lokaci kuɗin abu ɗaya da ya ɓata ya fi kuɗin injin duka.

Ya nemi ɗan allon ƙarfen da ke ɗauke da lambar injin ya rubuta ta. Da wannan lamba ake gane samfurinsa da shekarunsa, da ita kuma ake neman littafinsa a intanet da kayan gyaran da suka dace. In ya ga an kankare lambar da gangan, to, ya bar musu kayansu, don mai yiwuwa na sata ne. Kuma kowane ciniki a yi shi gaban shaida, da sanin iyaye.

Kayan aiki

Ba a bukatar kaya masu yawa. Sifanoni daga lamba 8 zuwa 17, da sifanar fulogi, da sukurdireba iri biyu, da filaya, da samfefa mai laushi, da tsohon buroshin haƙori, da kananzir, da tsummoki, da famfon keke. Injunan Japan awon milimita suke bi, amma tsofaffin na Ingila da Amurka awonsu dabam ne, sai a yi hattara kada a cinye kan noti da sifanar da ba tasa ba. Ni na ƙara da gwangwanayen tumatir guda goma da littafin rubutu. Kowane sashe na kwance, notinansa suna shiga gwangwani guda in rubuta sunansa a jiki. Kafin in cire kowane abu nakan zana shi a littafi, ko in ari wayar yayana in ɗauki hotonsa. Inji ba ya gafarta wa mai mantuwa.

Matsi

Idan fistin ya kafe, sai a cire fulogi a kwantar da injin yadda ramin zai dubi sama, a zuba kananzir haɗe da ɗan baƙin mai, a bar shi. Kullum a zo a ɗan girgiza faifan hagu da dama da hannu, a ƙara mai. Seagull ɗina kwana goma sha ɗaya ya yi a jiƙe kafin ya motsa. Ba a dukan fistin da guduma, ba a kuma sa dogon ƙarfe a banƙara faifan. Mai haƙuri shi ke dafa dutse. Haka nan notin ƙarfe da ya daɗe cikin jikin alminiyon yakan manne, sai da jiƙo da ɗan zafi yake saki. In aka yi masa ƙarfi sai ya karye a ciki.

In yana juyawa, sai a gwada matsi. A kawar da wayar fulogi gefe, a toshe ramin da babban yatsa, wani ya ja igiya. Idan iska ta ture yatsan da ƙarfi, akwai matsi. Kanikawa suna da agogon auna wannan, kuma in silinda biyu ne, bai kamata bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin 100 ba. In matsi ya yi rauni, yawanci zobban da ke jikin fistin ne suka manne da baƙin toka ko suka cinye, ko kuwa gasket ɗin kan silinda ya ƙone. Wannan aiki tare da maigida ake yinsa.

Wuta

Ƙananan injunan nan ba su da batir. A cikin faifan nan akwai maganaɗisu, in ya juya ya gifta ta kusa da naɗaɗɗiyar waya da ake kira kwayil sai wutar lantarki ta samu. Abin da muke karantawa ne a darasin kimiyya, ga shi a fili. Don gwadawa, a cire fulogi a goge bakinsa, a mayar masa da wayarsa, a jingina jikinsa da ƙarfen injin, a ja igiya a cikin inuwa. Tartsatsi shuɗi mai ƙara shi ake so. Kada a riƙe shi da hannu tsirara, kada kuma a yi wannan kusa da fetur.

In babu wuta, a fara sa sabon fulogi, don shi ya fi araha. In har yanzu babu, tsofaffin injuna suna da wasu 'yan ƙarafa biyu a ƙarƙashin faifan, masu buɗewa da rufewa, waɗanda kanikawa suke kira kontak. Tsatsa takan hau bakinsu. Sai a goge da samfefa mai laushi, a daidaita tsakaninsu. A Seagull rabin milimita ake bari. Waɗanda ba su kai shi tsufa ba kuwa wani ƙaramin akwati gare su da ake kira si-di-ai, irin na babur. Shi ba a gyara shi, sai dai a canja.

Mai

Fetur in ya daɗe yakan bushe ya bar wani abu mai danƙo kamar ƙaro. Shi ne yake toshe kafireta. Sai a wanke tanki, a canja tiyon mai in ya bushe, a kwance kafireta a kan farin ƙyalle. A cikinta akwai wani ɗan tulu mai yawo a kan mai, shi yake rufe hanya in mai ya cika. Akwai kuma wasu 'yan ƙarafan tagulla masu rami siriri kamar kafar allura, ana ce musu jet. A jiƙa su, a hura da famfon keke, a ɗaga su ga hasken rana har sai an ga haske ya ratsa. Kada a soka musu allura, don in ramin ya ƙaru injin zai riƙa shan mai yana shaƙewa.

Wajen gauraya mai kuwa lissafin da muke yi a aji ya zo da rana. In littafin inji ya ce 50 ga 1, watau kowace lita ɗaya ta fetur a sa mata mililita 20 na mai. In ya ce 25 ga 1, mililita 40 ke nan. Tsohon Seagull kuwa 10 ga 1 yake sha, watau mililita 100 a kowace lita. Injunan Johnson da Evinrude na kafin 1964 suna shan 24 ga 1, na bayan nan 50 ga 1. Ni da babban sirinji nake aunawa, ba da ido ba. Man da ya dace shi ne na injin jirgi mai bugu biyu, wanda aka rubuta TC-W3 a jikin robarsa. Kada a kuskura a sa baƙin man da aka juye daga mota. In mai ya yi kaɗan fistin zai ƙone, in ya yi yawa fulogi zai jiƙe.

Ruwa da giya

Injin kwale-kwale da ruwan kogin da yake tafiya a kai yake sanyaya jikinsa. A cikin ƙafarsa, sama da giya, akwai wata 'yar fankar roba da ke tura ruwa sama. In injin ya daɗe a ajiye, musamman a zafi irin namu, robar takan bushe ta kakkarye. Don haka ko ta yi kyau a ido, a canja ta. Tawa daga Yauri kawuna ya aiko mini. In aka tayar da injin a busasshe ba ruwa, kafin minti ɗaya wannan roba ta lalace. Seagull ba ya amfani da irin wannan roba, amma silindarsa ta baƙin ƙarfe ce, tsatsa takan toshe hanyoyin ruwan, sai an sassaƙe su da waya.

Sa'an nan a kwance sukurin da ke gindin giya a ga man da zai fito. In ya fito fari kamar kindirmo, ruwa yana shiga, sai a canja robobin da ke tare shi. In da ɓarɓashin ƙarfe a ciki, haƙoran giya sun fara ci. A zuba sabon man giya, yawanci mai lamba 90, Seagull kuwa mai lamba 140. A ƙananan injuna da yawa akwai wata 'yar ƙusa mai laushi da ke riƙe farfela. Da gangan aka yi ta haka, don in farfela ta bugi dutse ko kututture ita ce za ta karye, giya ta tsira. Wanda ya musanya ta da ƙusar kafinta ya sayi babbar ɓarna da ƙaramin kuɗi.

Gwaji

Tun da ba mu da kogi, duro ne koginmu. A sami duro mai cin lita 200 a yanke samansa, a ɗaura katako mai ƙarfi a bakinsa, a maƙala injin. A zuba ruwa har ya haura faffaɗan ƙarfen da ke saman farfela da kamar faɗin tafin hannu. A sa giya a firi, in kuwa injin ba shi da firi, a cire farfela. A yi wannan a fili, ba a cikin ɗaki ba, domin hayaƙin inji yana da guba marar wari mai kisa. A ajiye bokitin yashi kusa, a kori ƙananan yara, kada kuma a zo da riga mai dogon hannu ko rawani mai jela kusa da faifan.

Da ya tashi, abu na farko da za a duba shi ne ruwan da yake tsartowa ta wani ɗan rami a bayan injin. In ba a gan shi ba cikin 'yan daƙiƙoƙi, a kashe nan take. Kada a ba shi wuta duka a cikin duro. Yamaha ɗina a ja na bakwai ya tashi, bayan mako shida ana aiki, har maƙwabta suka leƙo suna tambaya wane irin babur ne wannan. Ruwan duron kuwa ya gauraya da mai, ba a ba dabbobi, ba a zuba shi kusa da rijiya ko a shuka. Fenti shi ne aikin ƙarshe, kuma a kiyaye kada a shafe lambar injin da tambarin kamfaninsa, don su ne shaidar asalinsa.

Amana

Akwai bambanci tsakanin injin da ya tashi a duro da injin da za a ɗora wa rayukan mutane. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. A ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi da ya ɗauko fiye da mutum 150 daga Jihar Neja zuwa Warra a Jihar Kebbi ya nutse, mutane da yawa suka rasu, kuma hukuma ta ce lodi ne ya yi masa yawa. Allah ya jiƙansu. Wannan ya nuna mana cewa harkar jirgi ba wasa ba ce. Inji mai kyau ba zai ceci jirgin da aka cika fiye da ƙima ba, haka kuma injin da ya mutu a tsakiyar kogi yakan bar jirgi a hannun igiyar ruwa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wadda aka kafa a 1997 mai hedkwata a Lokoja, kullum tana gargaɗi a kan lodi da tafiyar dare da sa rigar kariya. Saboda haka ɗan koyo kada ya sayar wa mai jigila injin da ya gyara sai ƙwararre ya duba ya gwada shi a ruwa, kuma ya faɗi aibinsa duka. Nawa dai na ajiya ne da koyo.

Amfaninsa gare mu

Ƙaramin janaretan nan da masu shago da masu cajin waya suke gauraya wa mai a fetur, mai bugu biyu ne, ɗan'uwan injin kwale-kwale ne na jini. Haka tsofaffin baburan Vespa da Suzuki da iyayenmu suka hau. Injin ban-ruwa, wanda ya yawaita a fadamunmu tun daga shirin Fadama na ƙasa da aka fara a farkon shekarun 1990 da tallafin Bankin Duniya, yawancinsa mai bugu huɗu ne, yana da wurin baƙin mai dabam. Amma shi ma matsi da wuta da mai yake roƙo, kuma fulogi da kafiretarsa kusan ɗaya ne da waɗanda na bayyana. Manomin da injinsa ya tsaya a watan Maris, albasa tana tsakiyar neman ruwa, in ya ce sai ya jira ya kai shi gari, to, kwana uku sun isa su ja masa hasara. A ranin da ya wuce injunan ban-ruwa huɗu na tayar wa mutanen unguwarmu, uku daga cikinsu jet ne kawai ya toshe. Abin da aka ba ni na sayi littattafai da shi.

Ina roƙon iyayenmu, in sun ga yaro ko yarinya da sha'awar kwance abu da ɗaurawa, kada su ɗauka ɓarna ce ko ƙazanta. Su kai shi wurin bakanike mai amana a lokacin hutu, su kuma tsare masa lokacin karatunsa, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, ku duba zaurukanku da bayan rumbuna. In akwai wani tsohon inji kwance, ku nemi izinin mai shi kafin mai sikeli ya zo. Ina kuma fata hukumar makarantarmu za ta ba mu ɗan wuri da duro ɗaya, mu kafa ƙungiyar masu koyon gyaran inji. Wanda yake so ya ga nawa, ƙofa a buɗe take ranar Asabar bayan la'asar, gani ya kori ji.